Kura da shan bugu, Ciyaman da ɗaukar hoto

Malam mai karatu, tun ban buɗe baki ba na ga ka yatsine fuska. Ka ce, "Wa ya aike ka? Aikin sa-kai ne, kai ka sa kanka." Na yarda, ni na sa kaina. Amma kai na sa, ban miƙa wuya a ɗaura mini igiya ba.

Zo in nuna maka Ciyaman ɗin ƙungiyar unguwarmu. Duk shekara kafin damina ta kankama mukan fito yashe kwata. Tun bayan asuba muna cikin baƙin ruwa har gwiwa, muna tsamo leda da robar lemo, masu baro na ta kai da komowa. Sai hantsi ya dubi ludayi Ciyaman zai ɓullo cikin farar shadda, turare na tashi. Ya karɓi shebur a hannun wani yaro, ya riƙe da yatsa uku kamar cokalin shayi, a ɗauke shi hoto. Kafin azahar yana Facebook, wai ya jagoranci yashe magudanai. Mu kuwa ƙafafunmu ne kaɗai suka fito a gefe.

Ka ce, "Ba don Allah kuke yi ba? Ina ruwanku da hoto?" Ashe wa'azi ka fara ban sani ba! To, hoton ya ci kansa. Kuɗin karo-karon da muka haɗa don safar hannu da takalman roba fa? Shekara uku muna tambaya, amsar ɗaya ce: "Kwamiti na duba lamarin." Kwamitin kuwa mutum uku ne: shi, da ƙaninsa, da aljihun rigarsa.

Ka ce sai haƙuri, mai haƙuri yakan dafa dutse? Mun dafa, malam. Mun dafa har itace ya ƙare, Ciyaman ya zo ya shanye romon.

Ka ce in ban iyawa in fita mana? Waɗanda suka fi ni zuciya sun fita. Kwatar ba ta bi su gida ta ba su haƙuri ba, ruwan Agusta ne ya bi su har ƙarƙashin gado. Kakanninmu ma da ka raina sun fi mu sanin kan abin. Mai gayya yakan fitar da fura da goro, makaɗi yana bin kunya yana yi wa kowane manomi kirari da sunansa. Sun san wanda ba a biya da kuɗi ba, da mutunci ake biyansa.

Yanzu ka gyara zama, ka ce, "Yaro bai iya ja da babba." Haba? Mutum takwas ne suka zauna a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, suka kafa NEPU, a zamanin da ganin ɗan doka kawai ke sa talaka tuɓe takalmi. An yi wa 'yan NEPU bulala, an ɗaure su. Amma bayan PRP, magajiyar NEPU, ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Matan kasuwar Abeokuta, Funmilayo Ransome-Kuti na gaba, sun yi ta zaman dirshan a ƙofar fada kan haraji, har Alake Ademola ya sauka daga karaga a farkon 1949. Sarki ke nan fa. Kai kuma Ciyaman mai hatimin roba ne ke sa ka rawar jiki?

Ranar da na tashi ni kaɗai a taro na nemi lissafi, sunana ɗan hassada, har da tambayar wa ya turo ni. Sai muka bi juna gida-gida muka ƙulla magana. A taro na gaba ɗaya ya miƙe, na biyu ya miƙe, har benci ya zama babu kowa a kai. Ba zagi, ba ɗaga murya, tambaya guda: ina lissafi? Ciyaman ya gyara hula, ya ce dama yana da niyyar kawo maganar. Mako bai zagayo ba safar hannu ta fito. Yanzu ma'aji na karanta lissafi duk wata, zaɓe kuma duk shekara biyu. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, ko ka ƙi ko ka so.

Na san ka sarai. A teburin mai shayi kai zaki ne, a wajen taro kuma kai ne mai "Allah ya ja zamanin Ciyaman". Kafin taro na gaba, ka zaga ka nemo masu gunaguni irinka, ku tashi tare. In kuwa kai ne Ciyaman ɗin, shi ya sa tun ɗazu kake musu, to ranar Asabar bayan asuba ka zo da tsohon wando. Shebur ɗinka na nan mun ajiye maka.