Yadda Za Ka Mallaki Jirgi a Gummi Ba Tare da Ka Ci Bashi Ba

Wanda duk ke son ya mallaki jirgin sama a ƙasar Gummi, ya jira kaka. Da zarar an yanke dawa an kai dammuna gida, kara ya sha rana ya bushe, to kayan ƙira sun sauka, kuma babu jami'in kwastan da zai tare su a hanya. Marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo da ya kafa Kabo Air a 1980, da Alhaji Ɗahiru Mangal mai Max Air, kowannensu sai da ya zuba dukiya ta gaske kafin jirginsa ya ɗaga. Kai kuwa, ƙanena, jarinka reza ce da rula da fensir, sai haƙuri. Haƙurin nan shi ne mai wuyar samu, don haka ka fara tara shi tun ranar shuka.

Kada kowa ya raina maka wannan aiki. A Ingila da Japan akwai kamfanoni irin su Airfix da Tamiya waɗanda sana'arsu ke nan: su zuba gutsattsarin roba a kwali, mutum ya saya ya harhaɗa ƙaramin jirgi, ya shafa masa fenti. Dattawa masu jikoki suna shafe makonni a kan jirgi ɗaya, in sun gama su kulle shi a kabad na gilashi, jika ya taɓa a ji su. Masu son wanda zai tashi sama kuma sukan sayi balsa, wani ice marar nauyi da akasarinsa ke fitowa daga ƙasar Ikwado. Mu tamu balsar a bayan gari take tsiro. Totuwar karan dawa ba ta da nauyi, reza na shigarta ba gardama, ɓawon kuma in ka tsaga shi siri-siri shi ne ƙusarka, shi ne haƙarƙarin fiffike. Wanda ya samu tukurwa ya ƙara samun gata, domin ta fi kara tsawo da kauri.

Karan dawa za ka nema, mai kauri, mai dogayen gaɓoɓi. Matsa shi da babban yatsa. In ya lotsa, ko ka ga gari na zuba, ƙwaro ya riga ka, bar masa kayansa. Ka ɗebo daga gonar da ke kusa da gari, da rana, da sanin manya, domin halin da dajinmu ke ciki bai bar wa kowa damar yin nisa saboda kara ba. Akwai kuma wata ma'adana da ke jan idon sababbin maƙera, wato darnin maƙwabci. Kawar da kai. Kara ɗaya da ka zare yau, gobe akuya ta mai da gurbin ƙofa, jibi a kira zaman sulhu a zaure, kamfaninka ya rushe tun bai yi rajista ba.

Reza ka sayi taka, sabuwa. Wadda aka tsinta a bola ko wadda wani ya yi aski da ita tana iya ɗauke da cuta. Naɗe bakinta guda da salatif, kuma yanka ya riƙa tafiya nesa da yatsa. Silifas ɗin da za ka fitar da tayoyi daga jikinsa, ka tabbatar ya yi ritaya. In Baba ya fito alwala ya tarar ƙafa ɗaya ta zama taya huɗu, zai tambaya, "Kai, wa yay yi min wanga aiki?" kuma wannan tambaya ba ta da amsar da ke ƙarewa lafiya. Je ka durƙusa tun farko ka ce, "Baba, in an gama da tsohon takalmin nan ina so." Sau da yawa har da ɗan canjin sayen gam za ka tashi.

Yanzu mun zo inda maƙeri ke rabuwa da mai wasa. Yawancin jiragen karan da ake ja a unguwa da ido aka yi su: gangar jiki ta Boeing, fiffike na tattabara, taya ta tirela. Masu wannan sha'awa a duniya kuwa da ma'auni suke aiki. In ka ga an rubuta 1:72 a kwali, ana nufin an rage komai sau 72. Inci ɗaya na tsaye a madadin ƙafa shida, mutum mai matsakaicin tsawo ya koma bai kai santimita biyu da rabi ba. Mu masu rular makaranta 1:100 ya fi mana sauƙi, domin kowace mita ta zama santimita ɗaya, ba sai an ari kalkuleta ba. Ɗauki Boeing 747-400, irin wanda Max Air ta yi jigilar alhazai da shi. Tsawonsa ya ɗan haura mita 70, daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike kuma ya ɗan haura mita 64. Naka ke nan kusan santimita 71 daga hanci zuwa wutsiya, 64 a faɗi. In Inna ta ce ɗakinta ba filin jirgin Sakkwato ba ne, raba biyu, ka samu 35 da 32. Injuna huɗu za ka rataya, biyu a kowane fiffike, sannan ga ƙusumbin nan na gaba, domin 747 bene gare shi. Ka manta da ƙusumbin, duk alhajin da ya gani sai ya tsaya ya gyara maka, daga nan kuma ya ba ka labarin tafiyarsa tun daga sansanin alhazai har Madina.

Zana komai a takarda kafin reza ta taɓa kara, yadda jirgin yake in an dube shi daga sama da yadda yake daga gefe. Fiffiken dama da na hagu ka haɗa su ka yanke tare, don kada ɗaya ya fi ɗan'uwansa. A ganina ma jirgin da ya fi dacewa da kara shi ne irin waɗanda suka fara sauka a Kano a watan Nuwamba na 1925, jirage uku na sojan saman Ingila, masu fiffike biyu, ɗaya bisa ɗaya. Da katako da ƙyalle aka yi su, an tokare fukafukan da sanduna, don haka ɓawon kara da tsohuwar farar riga suna kama siffarsu sosai.

Ka kuma yanke shawara tun farko, na kallo kake so ko na shawagi. Na kallo yana ɗaukar ado iyakar son ranka, har da injin tsohuwar rediyo mai kaset da batir biyu su juya farfelar gwangwani, in ka lanƙwashe bakinta don kada ta yanki kowa. Na shawagi kuwa kowane ɗigon gam kaya ne a kansa. Yi masa dogon fiffike na ɓawon kara, ka lulluɓe da leda ko takarda marar kauri, ka ɗan ɗaga bakin fukafukan sama, shi ke hana shi kifewa ta gefe. Sai ka ɗora shi a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, wajen kashi ɗaya cikin uku daga gaban fiffiken. In ya zauna daidai, madalla. In wutsiya ta rinjaya, da ka jefa zai ɗaga hanci, ya tsaya cak, ya faɗo a gaban 'yan kallo. Maganinsa ɗan nauyi a hanci.

A nan zan ajiye raha. Nauyin da za ka sa ya zama ƙusa, ko noti, ko tsakuwa mai tsabta, ba ta wurin niƙan duwatsun zinariya ba. Kada ka fasa tsohon batirin mota ko na babur don ciro dalma, kada ka narka ta a murhun gida. Mutanen Anka da Bukkuyum sun san gubar dalma fiye da yadda kowa zai so ya sani. A 2010, a garuruwa irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, ƙurar duwatsun da ake niƙawa a cikin gida ta yi sanadin mutuwar yara wajen 400, aka yi shekaru likitocin ƙungiyar agaji ta MSF na magani, ana kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, har zuwa Bagega. Wasu fentin mai ma suna ɗauke da dalma. Kada ka gyara bakin buroshi da leɓe, kuma ka wanke hannu da sabulu kafin ka kusanci tuwo.

Fenti shi ne wurin da gaggawa ke kashe aikin wata guda. Totuwa mashayiya ce, in ka zuba mata fenti kai tsaye za ta shanye ta nemi ƙari. Goge ta da samfefa, ka shafa mata ruwan ƙaro ko farin gam da aka tsarma, ka bari ya bushe. Sannan shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Inda launi biyu za su haɗu, manna salatif don layin ya fita a miƙe. Wanda ya yi aiki da farar kumfar da ake sako talabijin a ciki ya nisanta ta daga fetur da gam mai kama nan take, suna cinye ta. Da yake lokacin hunturu ne, kife kwali a kan jirgin har ya bushe, in ba haka ba ƙura ta yi masa nata fentin kyauta. In ka rasa launin da za ka zaɓa, yi kore da fari na Nigeria Airways, da giwa mai fiffike a wutsiya. Kamfanin ya daina aiki tun 2003, amma ka ratsa majalisar dattawa da shi ka ga yadda hira ke ɓarkewa.

Ɗan Gummi kuma bai kamata ya tsaya a sama kawai ba, ga gulbi a gefensa. Bi wani babba ku je mashigi, ka gaishe da masu fito, ka ce, "Sannu da aiki, Baba. Don Allah jirgin nan tsawonsa nawa ne?" Ka dubi yadda gindinsa yake da yadda gaba ta tsuke. In mita 10 ne, a ma'aunin 1:20 naka santimita 50 ke nan. Toshe kowace kafa da narkakken kyandir ko kakin zuma. Gwaji a baho ake yinsa, a tsakar gida, gulbi ba wurin gwaji ba ne. Zuba tsakuwa ɗaya bayan ɗaya kana ƙirgawa, kana kallon yadda bakin jirgin ke matsowa kusa da ruwa. Kwashe, ka tara su duka a gefe ɗaya, za ka ga ya kife tun bai ɗauki rabin abin da ya ɗauka ɗazu ba. Ɗora kaya mai tsawo, ka kaɗa ruwan da hannu, ka sake gani. Daga nan ka ja layi da jan fenti a inda ruwa bai kamata ya wuce ba. Manyan jiragen ruwa na duniya suna da irin wannan layi a jikinsu, wanda wani ɗan majalisar Ingila, Samuel Plimsoll, ya yi ta fafutuka a kansa har ya zama doka a 1876. Gummi ba ta manta da watan Satumba na 2024 ba, lokacin da kwale-kwale ya kife da manoma a hanyarsu ta zuwa gona, aka rasa rayuka da dama. Allah Ya jiƙansu. Ina so a ce kowane yaro a bakin gulbin nan ya ga wannan darasi a baho da idonsa.

Saura tsaro. Jirgin kara yana da maƙiya uku: akuya, wadda a wurinta Boeing abincin rana ne, gara, da ƙaramin ƙane, wanda ke son jirgin fiye da kowa, kuma da hannu biyu yake nuna so. Rataye shi da zare a rufin ɗaki ka tsira daga biyun farko. Na ukun kuwa ka yi masa nasa ƙarami, ka naɗa shi mataimakin matuƙi. In ƙanwa ce ta nuna sha'awa, miƙa mata rula da fensir ta riƙe sashen awo.

Maganata ta ƙarshe ga iyaye da malamai ce. 'Yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, da suka tayar da jirgi a Amurka a 1903, masu gyaran keke ne, tashin farko kuma daƙiƙa 12 ya yi. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a Kano da injin mota da tarkacen ƙarafa, labarinsa ya zagaya duniya. Kwalejin koyon tuƙin jirgi da gyaransa tana nan a Zariya tun 1964, kuma lissafin da ake nema a ƙofarta daga irin wannan raba 70 da 100 yake farawa. In kun ga yaro ya duƙufa a gindin bango da kara, ku saya masa rula da sabuwar reza, ku tambaye shi ma'aunin da ya bi. Shugabannin makarantun firamare daga Gummi zuwa Daki Takwas, daga Bukkuyum zuwa Anka, ku sa gasar ƙira bayan kakar bana, da sharaɗi biyu: kowane jirgin sama ya zo da zanensa da ma'auninsa a takarda, kowane kwale-kwale ya zo da jan layinsa.