Wasiƙa Daga Manchesta: Kada Ka Cire Wa Malam Ƙofa

Zuwa ga taubashina, wakilina a Tudun Wada,

Yaya kasuwar shinkafa? An ce bana har tumbi ka ajiye. In gaskiya ne, na san aljihun da ya fito.

Saƙon muryarka ya iso. Ka ce malamin makarantar da ke ɗakin bakin zaure wa'adinsa ya cika bai sabunta haya ba, kuma shawararka ita ce a kira kafinta ya ɓalle ƙofar, in ya so sanyin dajin Falgore ya ƙarasa mana aikin. Taubashi, ajiye guduma tukuna. Mai gidan naka shi ma ɗan haya ne yanzu a garin wasu, saboda haka zauna ka ji.

Kafin a miƙa mini mabuɗin ciki da falon da nake zaune, sai da aka yi mini binciken da ko mai neman auren 'yar sarki ba a yi masa. Dillalan nan ba irin abokinka na Kwanar Dangora ba ne, mai waya biyu da hula a karkace. Ofis gare su mai gilashi. Suka nemi fasfo da shaidar izinin zama, domin tun 2016 doka ta ɗora wa mai gida a Ingila nauyin tabbatar da cewa ɗan hayarsa yana da hurumin zama a ƙasar. Suka nemi takardar albashi, da ta banki, da shaidar tsohon mai gida cewa ba na cinye haya. Na ce tsohon mai gidana Baba ne, Allah ya jiƙansa, kuma bai taɓa yanka mini rasit ba. Matar ko murmushi. Sai ta ce to in kawo mai tsaya mini. Har zan ba da sunanka, sai na tuna wanda suke so shi ne wanda in an neme shi za a same shi.

Sannan aka kawo yarjejeniya, shafi bayan shafi. Ba a buga ƙusa a bango. Ba a ajiye dabba sai da izini. Na tambaya ko ragon layya da zai ɗan kwana biyu yana cikin dabba, aka ce shi ne ma kan gaba. Ba a sauke wani ya tare. Wannan sharaɗin ka isar da shi ga 'yan uwanmu na Bebeji da na Riruwai masu cewa in Allah ya yi za su zo su ɗan raɓa kafin su samu wuri.

Ranar shigata wani saurayi ya zo da waya yana ɗaukar hoto. Ya durƙusa ya ɗauki tabon shayi a kan kafet, ya buɗe firji ya ɗauka, ya ƙirga cokula, ya zura yatsa a wani ɗan rami a jikin ƙofa ya rubuta. Ya ce in duba in sa hannu, don ranar fitata da wannan takarda za a yi mini hisabi. Dalili, na ajiye kuɗin ko-ta-kwana, wanda tun 2019 aka hana ya wuce hayar mako biyar a gida irin nawa. Kuma ga inda za ka ji haushi: mai gida ba ya sayen taki da shi. Dole cikin kwana talatin ya yi masa rajista a ɗaya daga cikin wuraren da gwamnati ta amince da su, in ya ƙi, kotu na iya sa shi ya biya ɗan haya har ninki uku. Da nan kake, kuɗin gyaran famfon da ka karɓa hannun 'yan hidimar ƙasa, alhali gidan ko famfo babu, da tuni sun sayi babur da dukiyarka.

Dokar 2019 ɗin ta kuma hana dillali karɓar la'ada daga ɗan haya. Wanda ya sa shi aiki shi zai biya shi. Haya kuwa wata-wata ake biya. Na ba wani abokin aikina labarin yadda a gida ake ajiye ta shekara cur ko fiye, dillali ya yanki kashi goma, har sai da Legas ta yi doka a 2011 don hana karɓar fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Ya ce mutanen ƙasarmu ashe duk attajirai ne. Na ce masa ƙwarai, musamman taubashina.

Mai gida ba ya faɗo maka sai ya sanar da kai da awa ashirin da huɗu, ba irin sallamarka ba da sai ka kai tsakar gida kake yin ta, idonka na kan tukunya. Duk shekara sai ya kawo ƙwararre ya duba na'urar gas, kuma dole ya liƙa ƙararrawar hayaƙi a sili. Wannan ƙararrawa ba ta shiri da manja. Da albasa ta fara soyuwa sai ta ɓarke da ihu, ni kuma in hau kujera ina yi mata fifita da hular sallah, maƙwabta na leƙowa. A kan haya kuma ga harajin ƙaramar hukuma. Abubakar Rimi ya soke mana haraji da jangali a 1979, ni na tsallaka teku na zo na same shi yana jirana. Sauƙinsa ɗaya: mai zama shi kaɗai ana rage masa kashi ɗaya cikin huɗu. A Kano da azumi tashe ake yi wa gwauro, a nan rangwame ake yi masa.

To, batun ƙofa. A nan tun 1977 mai gidan da ya canza makulli, ko ya yanke ruwa da wuta don ya kori ɗan haya, laifi ya aikata, kuma yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara biyu. Amma kada ka ɗauka aljannar 'yan haya na faɗo. Dokarsu ta 1988 ta bai wa mai gida damar ba ka wata biyu ka tashi ba tare da ya faɗi laifinka ba, shi ya sa mutane da yawa suka riƙa haɗiye ƙorafi, bango na tsatsafar da ruwa yana yin baƙi suna shiru. A Rochdale, nan kusa da mu, baƙin danshin nan ya yi ajalin wani yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, a 2020, bayan iyayensa sun sha kai kuka. Daga baya aka yi doka da sunansa. Sai a watan Oktoban 2025 aka sa hannu a dokar kawo ƙarshen korar babu dalili. Ni dai kusan rabin albashina haya ke lashewa, kuma duk ranar da wasiƙa ta faɗo ta ramin ƙofa sai gabana ya faɗi. Irin faɗuwar gaban da kake sa wa Malam ke nan in ya ji ƙarar babur ɗinka.

Mu ma fa ba a sake muke ba. A galibin jihohinmu, in ba a rubuta wani abu daban ba, ɗan hayar shekara wata shida ake ba shi, na wata-wata wata guda, sannan takardar kwana bakwai, sannan kotu. Ba inda aka ambaci kafinta. Malamanmu na fiƙihu sun ce haya ba ta inganta sai an san kuɗi an san wa'adi, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi ta sauka. Kai kuwa kundin ajiyarka bayan kwalin sabulu ne.

Ga abin da nake so. Ka ɗauki Malam ku je gaban mai unguwa da shaidu biyu, a rubuta nawa ne, daga yaushe zuwa yaushe, wa zai gyara kwano in ya yi yoyo, wa zai yashe masai, yadda za a raba kuɗin wuta. Tun da albashinsa wata-wata yake shigowa, a raba masa hayar wata-wata. Kowa ya riƙe kwafi, ni kuma ka turo mini hoto. In bayan haka ya ƙi biya, hanyar kotu ba ta toshe ba.

Ka gaida Gwaggo, ka ce kuka da daddawa sun ƙare. Kuɗin sharar bana mu bar shi sai na zo. Hayar shagon bakin titi ta bara kuwa, wadda ka ce tana hanya, ka faɗa mini motar da ta hau in sa a tare ta.

Naka,
Taubashinka na Manchesta