Zuwa ga Diyyar Kaji

Ranki ya daɗe,

Ina fata takardata za ta same ki a duk ofishin da kike zaune can Plateau na Abidjan. 'Yan'uwa masu sayar da kaji na Adjamé da Treichville suna gaishe ki. Su suka ce in rubuto, tunda kiran baki bai kai kunnenki ba.

Mun fara jin sunanki a 2006, shekarar da murar tsuntsaye ta ɓulla a gonar Sambawa ta Jaji a Kaduna, ta ratsa Magariya a Nijar, cikin watan Afrilu ta iso mana Marcory Anoumabo da Treichville. Ta dawo a 2015 ta Bouaké, ta sake dawowa a 2021 ta wajen Grand-Bassam. Sau uku ke nan, har yau ba mu fahimci juna da ke ba.

Kukana na farko, ba kya ƙirga kazar da ta mutu da kanta, sai wadda ma'aikata suka kashe suka rubuta. Ranki ya daɗe, wannan cuta ba ta jiran likita. Da asuba za ka tarar kaza ta yi lakwas, kai ya kumbura, zanko ya yi baƙi, ta ƙi dusa ta ƙi ruwa. Kafin la'asar rabin keji ya kwanta. Kafin a kai gwaji Bingerville a dawo da sakamako, me ya rage da za ki ƙirga?

Na biyu, kin san mai gidan gona, ba ki san ɗan kasuwa ba. Mai gidan gona yana da takarda da hatimi. Mu kajin gida ne da zabi, cikin kwando suke zuwa daga arewa, a kan amana da bashi, babu rasit. Ranar da aka rufe rumfa aka yi feshi, mai yanka ya zauna, yaron da ke figa ya zauna, tukunyar ruwan zafinsa ta huce, wanda ya aiko da kaya daga Korhogo kuma yana jiran kuɗinsa. Cikinsu wa kika taɓa tambayar sunansa? Kina ji na kuwa?

Na uku shi ya fi ci mini rai: ga jinkiri, ga ƙanƙanta. A Najeriya naira 250 aka fara ba kowace kaza a 2006, sai da manoma suka yi ta kuka aka ƙara. Wanda ya tabbata ba za ki zo da wuri ba, ba zai kai rahoto ba. Zai kwashe kajin da dare ya karyar wa mai gashi, ko ya kai wata kasuwa, cutar tana biye da kwandonsa. Ban ce ya kyauta ba. Amma yana da iyali, ga kuɗin haya, ke kuma kin bar shi tsakanin yunwa da doka.

Don Allah, don Annabi, ki riƙa shigowa mota ɗaya da masu feshi. Ki biya farashin kasuwa na ranar, ta waya, yadda kowa ke karɓar kuɗi a Abidjan yau. Ki sa wa matacciyar kaza rabonta. Ki zaunar da mai jin Hausa da Jula a teburin rubuta sunaye, don yawancinmu ba mu karanta Faransanci ba, kuma mun gaji da dangwala yatsa a takardar da ba mu san abin da ta ce ba.

A aiko da amsa ta hannun shugaban 'yan kaji. Ya san rumfata.

Wassalam,
Naki, mai sayar da kaji, Adjamé