Barista Ya Dawo Gida

Lauyan Daura bai san yunwar aiki ba, yunwar barci ce ke cinsa. Da asuba yana kan hanyar Katsina, baƙar riga rataye a bayan mota, don Babbar Kotun Tarayya a can take. Ya isa jiƙe da gumi, a ce masa an ɗage zama. Ya juyo gida ya tarar zaure ya cika: wani daga Mai'adua da rikicin iyakar gona, wata gwaggo daga Sandamu da rabon gadon da ya girmi lauyan kansa. Duk dangi ne, kuɗin aiki kuwa "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Albarka da daɗi, sai dai gidan mai ba sa karɓarta.

Mutanen zamanin Daurama ma sun fi iyalinsa sa'a, su ko ba komai macijin Kusugu yakan bar su su ɗebi ruwa ran Juma'a. Uwargida ta koyi harshen kotu dole. In ya tambayi tuwo sai ta ce, "Barista, an ɗage sauraron wannan buƙata sai an ga cefane."

Abin sha'awarsa doki. Ya saya don hawan Sallar Gani, ya yi masa kayan ado, yana biyan harawa da dusa kowane wata, ɗan barga na hawa. Rannan ya matsa zai shafa shi, dokin ya kai masa harbi, don bai san shi ba. Yana tsaye yana lissafin wanda zai maka a kotu, sai ga waya: an tsare wani ƙanen surukinsa a Kongolam da buhunan shinkafa.