'Yan Sabo a Dajin Yankari

Tun 1916 da aka yanka wa Hausawa unguwar Sabo a Ibadan, mutumin Sabo yake kan hanya: goro ya hau Arewa, shanu su gangaro Kudu, shi yana biye. Sai dai tafiyar da babu riba a ƙarshenta, dattawanmu yawo suke kiranta. Shi ya sa idan rani ya yi, samari suka yi karo-karo aka ɗauki shatar bas zuwa Yankari a Jihar Bauchi don kawai a ga giwa, motar kan cika da halittun da suka fi na dajin ban kallo.

Kusa da direba akwai Ciyaman, rungume da littafin kuɗi. A Ilori ya ƙirga kawuna, a Jebba ya sake, kullum mutum guda ya tafi neman ruwan alwala. Taya ta fashe, laifinsa ne. Giwa ta ƙi fitowa, shi ma laifinsa ne, har akwai mai cewa a maido masa da kuɗin giwar.

Bayansa ɗan canji ne. Ana faɗar kuɗin ɗaki a masaukin Wikki zai juya shi zuwa dala, ya juya zuwa riyal, ya girgiza kai. Ana nuna masa garken ɓauna yana hamma, amma da ya hango Bature da jakar goyo sai ka ga ya miƙe yana murza yatsu biyu.

Sai Alhaji Na-Riga-Na-Gani. Ruwan Wikki na ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, garai-garai har kana ganin yashin ƙasa. Alhaji zai tsoma ɗan yatsa ya ce, "Ai na Dubai ya fi." Ma'aikacin daji ya ce an keɓe wurin a 1956, Alhaji ya ce tabbas, yana tunawa. Kowa a motar ya san ranar da aka yi sunansa, Gowon ke mulki.

Wanda na fi so shi ne Jarumi. Tun daga unguwar Mokola a Ibadan yake ba da labarin kakansa maharbi, yana shafa layar da ke damtsensa, yana yi wa yara dariya don sun tambaya ko zaki na shiga ɗaki. To, zaki dai ba ya shiga, amma gwaggon biri na shiga. Na Wikki sun san yadda ake tura ƙofa, sun san ledar burodi daga nesa, kuma ba su san laya ba. Wani ƙato ya diro kan baranda, ya yi hamma ya nuna fiƙoƙi, sai ga Jarumi a guje, takalmi ƙafa ɗaya, yana kurma ihu, "E gba mi o!" Haifaffen Sabo ke nan: Hausa yake ciniki da ita, amma tsoro da Yarbanci yake zuwar masa. Wadda ta kori birin Hajiya ce, mai kuloli uku da robar dambun nama. Ba ta ko tashi ba, silifas ta cire ta ce, "Kai, ɗan nema, taɓa ka gani!"

Da dare aka baza kujeru a fili, aka kawo tuwo da gasasshen nama, Ciyaman ya gabatar da makaɗa da 'yan kama da ya ɗauko daga gari. Ɗan kama kuwa waƙarsa ba ta wuce abinci, don haka kana kai loma yana yi wa lomar kirari. Nan ne sauran halaye ke fitowa. Mai tsiren Sabo zai ɗaga tsoka ya duba ta a hasken fitila, ya shinshina, ya yanke hukunci cewa wannan nama bai ga ƙuli ba. Sannan ya ci faranti biyu. Mai liƙi zai fito da sabuwar dubu guda, ya manna wa makaɗi a goshi a gaban jama'a, ya zagaya ta baya ya karɓi canjin ɗari takwas.

Malam kuma ya juya wa fage baya, ya ce shi abinci ya kawo shi. Allah ya gafarta Malam, to ƙafar nan da ke bin kalangu a ƙarƙashin tebur ta wa ce? Ana fashewa da dariya sai ya taɓa na kusa da shi: "Me ya ce?"

Mai waya ba sai an daɗe a kansa ba. Ya ɗauki wasan tun daga farko har ƙarshe, bai kalli komai ba, caji ya ƙare kafin a ga giwa da safe.

Na ƙarshe Baba ne, da ya yi barci a mota, ya yi a ɗaki, ya yi a wurin wasa da cokali a hannu. Shi ne kuma in an dawo za ka samu a majalisa bayan Isha'i, yana ba da labarin zakin da suka haɗa ido da shi, alhali ma'aikatan dajin ma sukan daɗe ba su ga ɗaya ba.

In an buɗe rajistar tafiyar baɗi, ka biya da wuri, ka rufe tagar ɗakinka, ka kuma nemi kujera kusa da Hajiya.