Takarda Zuwa Ga Malam Aura, Tsohon Jami'in Kwashe Shara

Takarda ta fito daga hannun wani mazaunin unguwar Sarkin Dawaki, cikin garin Jalingo, zuwa ga Malam Aura, jaki ɗan jaki jikan jaki, gwanin mangala, tsohon jami'in kwashe shara wanda bai taɓa ganin albashi ba balle fansho. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, tare da tambayar lafiyar gadon baya da ta kofato. Bayan haka:

Mai takarda ya san abin zai zo wa Malam banbaraƙwai, a ce unguwar da ake kira Sarkin Dawaki ta tsallake dawaki ta aiko wa jaki saƙo. Malam ya yi haƙuri ya saurara. Doki ɗan biki ne. Ranar hawan sallah a naɗa masa kayan ado, ya yi sukuwa a ƙofar fadar Sarkin Muri, a yi masa guɗa, ya ajiye nasa tulin a tsakiyar titi ya wuce, ko waiwaye babu. Abin da ya dami unguwa kuwa aikin masu ɗaukar kaya ne.

Ga yadda lamarin yake. Tun da Sarkin Muri Muhammadu Nya ya mai da Jalingo mazauninsa a 1893 garin ke girma a hankali, har ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka yanki Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola aka ce Jalingo ce hedikwata. Daga nan jama'a suka yi ta kwararowa. Ƙidayar 2006 ta samu mutum wajen dubu 140 a ƙaramar hukumar, yau kuwa duk wanda ya ratsa babbar kasuwa da yamma ya san an bar wannan adadi a baya da nisa. Kowane ɗayansu yana cin doya, kuma kowace doya tana da ɓawo. Lungunan tsofaffin unguwanni, su Sarkin Dawaki da Majidadi da Turaki da Sintali, ba don motar shara aka yanka su ba. Inda tifa ba ta shiga, yaro ake ɗora wa bokiti a ce ya kai bola. Shi kuma yaro yana da wasan ƙwallo a gabansa, ga kwata kusa.

Abin da ya shiga kwata kuwa damina yake jira. Ruwan farko ya kwashe shi ya nufi kogunan Mayo Gwoi da Lamurde, wanda ya maƙale a ƙarƙashin kwalbati ya toshe hanya, ruwa ya juyo cikin gidaje. Ba leda ce ta karya gadar Nukkai a watan Agustan 2005 ba, ambaliya ce, amma duk wanda ya ga wannan rana ya san ruwan Jalingo ba abokin wasa ba ne, kuma ba a tare masa hanya da gangan.

An gwada dabaru. Tun zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na Buhari da Idiagbon a 1984 Nijeriya ta saba da ranar tsaftar muhalli. Maza su fito da shebur, a yashe kwata, a jera baƙin taɓo a bakinta, a ɗauki hoto. In mota ta zo, madalla. In ba ta zo ba, ruwan daren ya mayar da kayan inda aka ɗebo su, wata mai zuwa a sake gaisawa da su. Da rani kuma ashana ce hukumar tsafta: a cinna wa bola wuta da magariba, hayaƙin roba ya bi lungu yana neman masu asma da jarirai.

To, a nan ne aka tuna da Malam.

Tsofaffi sun ba da labari, masana kuma sun rubuta, cewa kakannin Malam sun riƙe tsaftar birnin Kano shekaru aru-aru ba tare da kwangila ba. Da sassafe jakuna su shigo ta ƙofofin ganuwa ɗauke da itace da kara da hatsi daga ƙauyukan kewaye. In za su koma ba sa komawa haka nan: a cika musu mangala da sharar gida, da tokar murhu, da kashin awaki da na tumaki daga turke, su kai gona. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero, ya yi nazarin wannan zirga-zirga tun shekarun 1960, ya nuna cewa tana cikin dalilan da suka sa gonakin kewayen Kano ake noma su kowace shekara ba hutu, duk da cunkoson jama'a, ba su mutu ba. Birni ya ci abincin ƙauye, ƙauye ya karɓi ragowar ya mai da ita abinci. A lokacin juji dukiya ne, manomi har roƙonsa yake yi, wani lokaci ya biya. Babu wanda ya kira taron bita a otal kafin a fara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: yau ƙwararru na yawo ƙasa ƙasa suna karɓar alawus a kan wannan dabara, ba wanda ya taɓa ambaton sunan Malam a jawabin godiya.

Me ya ɓata tsarin? Malam zai ce mota, kuma yana da gaskiya kaɗan. Wani zai ce takin zamani, wanda a shekarun rarar man fetur gwamnati ta riƙa sayarwa da rahusa har manomi ya ga wahalar mangala ba ta da amfani. Amma babbar mai laifi leda ce. Da can sharar gida duk mai ruɓewa ce: ganyen da aka ƙunshe ƙosai, ɓawon rogo, ƙaiƙayi, tsohuwar tabarmar kaba. Yanzu kowane cokali na juji akwai baƙar leda, da ledar fiya wata, da fasasshiyar kwalba, da mataccen batir, wani lokaci har da allurar kemis. Manomin da ya zuba wannan a gonarsa zai shekara yana tsintar leda a bakin garma. Dabbobi ma ba su tsira ba. Mahauta sun san irin dunƙulen ledar da suke cirowa daga tumbin akuyar da ta yi ta ramewa alhali tana ci.

Wasu ƙasashe sun ɗauki sanda. Ruwanda ta haramta leda a 2008, Kenya ta bi a 2017, maƙwabciya Nijar ta yi dokarta a 2014, ko da yake wanda ya je kasuwar Maraɗi zai ga ledar ba ta karanta dokar ba. Legas ta hana farar robar zuba abinci a Janairun 2024. Mai takarda ba ya ƙin doka, amma ba zai zauna jiranta ba, domin abin da ke hannun unguwa ya fi sauƙi: kada a haɗa kayan tun daga tsakar gida. Bokiti ɗaya na mai ruɓewa, buhu ɗaya na leda da roba da gwangwani. Shi ke nan. Rahoton Bankin Duniya na 2018 ya nuna cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi fiye da rabin shara ragowar abinci ce da ganyaye. Ke nan abin da ake biyan kuɗin mai da na direba a kai bayan gari, rabinsa taki ne da ya ɓata hanya.

Ga shi kuwa takin zamani ya daina wasa. Duk da katafaren kamfanin Dangote da aka buɗe a Legas a watan Maris na 2022, buhun yuriya ya haura naira dubu talatin a 'yan shekarun nan. Manomin masara a Kona ko Sunkani, da mai lambun alayyafo da tumatir a bakin Lamurde, duk lissafi suke yi kafin su tunkari shagon dila. A daidai lokacin, masu kayan gwari na babbar kasuwa suna zubar da ruɓaɓɓen tumatir da ganyen kabeji kwando kwando, Kasuwar Bera na tara ɓawo da ƙaiƙayi, kasuwar shanu ta Iware kuma ba sai an faɗi abin da take bari a ƙasa ba bayan an watse. Mai buƙata yana nan, kayan suna nan, tsakaninsu tafiyar da ba ta kai Malam ya yi gumi ba.

Sai dai mai takarda ba zai yaudari Malam ba: aikin yanzu ya ɗan fi na kakanni tsari, domin ɗanyen juji in aka zuba shi kai tsaye yana ƙona shuka, yana kuma kai irin ciyawa da ƙwayoyin cuta gona. Dole a dafa shi tukuna, kuma ba da wuta ba. A samu fili mai inuwa a gefen unguwa. A shimfiɗa busasshen kara ko ganye, a ɗora ɗanyen ɓawo da ragowar kayan miya, a bi da kashin dabbobi, a barbaɗa toka kaɗan, a yayyafa ruwa, a sake maimaitawa har tulin ya kai ƙugu. Ruwan ya zama daidai yadda in an matsa a hannu zai yi danshi ba tare da ya zuba ba. Cikin 'yan kwanaki cikinsa zai ɗauki zafi, ya kan haura digiri 55, zafin da ke kashe irin ciyawa da ƙwan tsutsa. Mai shakka ya soka sanda ya bar ta, in ya zaro zai ji ta da ɗumi. Duk mako ɗaya ko biyu a juya shi ya sha iska. In ya yi wari, ruwa ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, sai a ƙara busasshen ganye. Bayan wata biyu zuwa uku ya koma baƙar ƙasa mai laushi, mai ƙamshin ruwan farko. A Jalingo, inda damina ke da ƙarfi, sai an yi masa rumfa ko an lulluɓe shi, in ba haka ba ruwa ya wanke albarkar ya kai wa kifin Binuwai.

Game da buhun leda da roba kuwa, Malam kada ya damu, akwai abokan aiki. 'Yan jari bola sun daɗe suna yi ba tare da kowa ya ce musu sannu ba. Su ne ke bin lungu da kura da maganaɗisu suna sayen ƙarfe da tsohuwar roba da gorar ruwa, a auna a sikeli, a loda tirela zuwa masana'antu. Maƙera na narka gwangwanin lemo su zuba tukunya, tsohuwar taya ta koma guga da takalmi. Gaskiya sana'ar ta yi baƙin jini, saboda wasu ɓata-gari ba sa bambanta ƙarfen da aka yar da murfin kwalbatin gwamnati, har Gwamna Zulum ya hana ta a Borno a 2023. Amma in mai unguwa ya san kowane ɗan bola da sunansa da ubangidansa, aka sa musu ranar zuwa, matar gida za ta san buhunta kuɗin gishiri ne, ba za ta bari yaro ya kai shi kwata ba. Haka kamfanin Wecyclers ya fara a Legas a 2012, da kekuna masu ɗaukar kaya suna bin gida gida a unguwannin talakawa, ana ba mutane lada gwargwadon nauyin abin da suka tara. A ƙauyen Njau na ƙasar Gambiya kuma, Isatou Ceesay da ƙawayenta tun 1997 suke wanke leda suna saƙa jakunkuna da ita. (Jakunkunan hannu ake nufi, Malam ya kwantar da hankalinsa.)

Saura magana mai nauyi, wadda mai takarda ya jinkirta saboda kunya. Ya san dalilin da ya sa dangin Malam suka yi ƙaranci a hanya. Ba ritaya suka yi ba. Fatarsu ake nema a ƙasar Sin, inda ake dafa ta a yi wani magani mai tsada, shi ya sa ake lodinsu a tirela daga kasuwannin Arewa irin su Maigatari zuwa mayankar Ezzamgbo a Jihar Ebonyi, tafiyar da ba a dawowa. Nijar ta hana fitar da jakuna tun 2016, Tarayyar Afirka kuma a taronta na Addis Ababa a Fabrairun 2024 ta amince a daina yanka jaki don fatarsa. In Malam ya ce ba zai amince da ɗan Adam ba sai ya ga takarda da hatimi, ba wanda zai ga laifinsa.

Saboda haka ga sharuɗɗan da mai takarda zai kai gaban mai unguwa da limamai da ƙungiyar matasa. Aiki daga hantsi zuwa azahar, ban da Juma'a. Akumari sabo, mai laushi. Dusa da harawa safe da yamma, ruwa ba sai ya roƙa ba. Duk gidan da aka samu kwalba ko batir a bokitin taki, Malam na da izinin tsayawa cak a ƙofarsu ya yi kuka iya ƙarfinsa har maƙwabta su leƙo, kuma an san a fagen ƙin motsi ba a taɓa kayar da shi ba. An kuma ware masa tokar birgima, wadda ba za a lissafa cikin kayan taki ba.

In kuwa Malam ya ga shekaru sun ja, ko iyali sun hana, to ya sanar da wuri, don akwai masu Keke Napep biyu-uku da ke zaman jiran fasinja, da samari masu baro da ba sa ƙin aikin yini. Za a fara da layin masu kayan gwari, tunda nasu kayan ba ya son jira. Amsa ta biyo ta hannun masu kawo itace.

Wassalam.