Ranar Amurka ma sai da takarda

Houston, jihar Texas

Zuwa ga taubashina Sale,

Ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da amarya da yara. Yaya ƙafar Gwaggo? Allah ya ƙara sauƙi.

Saƙonka ya iso, wanda kake cewa tunda na sa sola a gidana, in turo maka ragowar faifai ko guda biyu ne. Wato a tunaninka a bakin titi ake tsintar su. To gyara zama, bawan gidanmu.

Da farko kamfani na kira. Wani saurayi ya zo da kwamfuta, ko tsani bai taka ba, ya leƙa rufina ta hoton tauraron ɗan'adam, ya ce kilowat 6 zai ishe ni, dala 18,000. Na ce a yi ragi, ya yi murmushi. Mutanen nan ba su san "albarka" ba, balle "sallama". Da na bincika sai na ga kayan gaba ɗaya, faifai 15 masu wat 400 kowanne, da inbata da ƙarafan ɗauri, ba su wuce dala 7,500 ba. Sauran duk ladan aiki ne da talla da takardu da murmushin saurayin. Na ce jikan maƙera ne ni, zan hau da kaina.

Kai a Kano ka shiga Sabon Gari da safe, ka ɗauko yaro mai wayarin, kafin la'asar fanka tana juyawa. A nan kafin ka huda rufin gidanka, gidan da kake biyan bashinsa da guminka, sai injiniya ya zana taswira ya buga hatimi cewa katakon zai ɗauki nauyin, kuma guguwa ba za ta kai wa maƙwabci faifan ba. Dala 500. Sai izinin hukumar birni. Sai ƙungiyar masu gidajen unguwa, wasu tsofaffi da ba su da aiki sai auna tsawon ciyawar mutane, su ma su sa albarka. Sai kamfanin wuta ya yarda.

Hawa rufin kuwa, kowane faifai ya haura kilo 20, ga faɗi, iska na kaɗawa sai ya nemi ya tafi da kai. Na sayi tsani da ɗamarar igiya, na gayyato wasu 'yan'uwa biyu, ɗan Zinder da ɗan Kumasi, na biya su da dafa-duka da tsire. Maman Hanifa tana ƙasa riƙe da waya, ta danna 911 tana jiran in faɗo, tana tuna mini cewa kuɗin motar asibiti kaɗai zai cinye ribar.

Haɗa waya da mita kuma ba a yarda in taɓa ba, sai mai lasisi. Ya yi yini ɗaya, ya karɓi dala 2,500, ko ruwan gidana bai sha ba. Da aka tattara komai na tashi a wajen 11,500. A lokacin gwamnati tana yafe kashi 30 cikin ɗari na kuɗin daga harajin mutum, amma Trump ya sa hannu a wata doka a Yulin 2025 da ta rufe wannan ƙofa daga ƙarshen shekarar, shi ya sa na yi ta sauri. Ladan mai lasisi ya shiga lissafin ragin. Nawa bai shiga ba, wai gumina ba shi da rasit.

Bayan an gama, faifan suka yi makonni suna shan rana a banza, ni kuma ina biyan kuɗin wuta, har sai da mai duba aiki ya zo, kamfanin wuta ya aiko da izinin kunnawa.

Yanzu ga wadda za ka yi wa dariya har ka faɗi daga benci. Ranar da aka ɗauke wuta, solar tawa ita ma ɗaukewa take yi. Wallahi. Rana tsaka, faifai 15 a kaina, ina fifita da kwali. An ƙera inbatar ne ta mutu tare da layin, don kada ta tura wuta ta kama ma'aikacin da ke gyara a kan fol. Hujja ce mai kyau, ban musa ba. Kuma kar ka ce ba a ɗaukewa a Amurka: guguwar Beryl ta Yulin 2024 ta bar gidaje da shaguna sama da miliyan 2 cikin duhu a yankin nan, wasu fiye da mako. Maganin abin batir ne, shi kuma ya haura dala 10,000. Kai da batirinka biyu na tsohuwar mota ka fi ni zama lafiya.

Rarar wutar da na samar ina sayar musu, su saya da araha, dare ya yi su sayar mini da tsada. Ko 'yan kasuwar Kwari sai su zo ɗaukar darasi.

Saboda haka babu ragowa. Kuɗin sharar bana ma ka rubuta bashi, ko ka zo ka karɓa da kanka, akwai wankin faifai yana jiranka a sama. Ka gaida Gwaggo, ka ce mata nata saƙon yana hanya, kuma na hana a bi da shi ta hannunka.

Naka, ubangidanka,
Habu